Shekara 12 Kafin A Samu Ƙwararren Likita Guda

LEGAS — Duk attajirin da ke da niyyar zuba jari a asibiti mai zaman kansa zai tarar gini da na'urori ba su ne abin wahala ba. Abin da kuɗi ba sa kawowa nan take shi ne ƙwararren likita, domin kuwa aƙalla shekara 12 ake ɗauka kafin a samar da guda a Nijeriya.

Da farko ɗalibi zai yi shekara 6 a jami'a, sannan shekara guda ta aikin gwaji a asibiti, da wata shekarar ta bautar ƙasa. A wannan mataki babban likita ne na gama-gari, mai rajista da Hukumar Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN.

Mai neman ƙwarewa a fanni kamar tiyata ko cututtukan yara tilas ya bi ta ɗaya daga cikin ƙofofi biyu: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa da doka mai lamba 67 ta 1979, ko kuwa kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma. Zai ci jarrabawar share fage, ya sami gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi, ya yi shekara 2 zuwa 3 yana aiki a ƙarƙashin manya, kana ya zauna jarrabawar kashi na ɗaya. Bayan wasu shekaru kamar haka, sai ya gabatar da kundin bincike, ya ci kashi na biyu. Daga nan ne yake cancantar zama babban likitan fanninsa.

Wannan horo jari ne na dogon zango, galibi daga aljihun gwamnati. Dokar 2017 ta tanadi kuɗin horarwar, amma jinkirin biya na cikin dalilan yajin aikin waɗannan likitoci a 2021 da 2023. Da yawa kuma, da zarar sun ƙware, sai su nufi Saudiyya ko Ingila: mu da shuka, wasu da girbi.

Saboda haka mai asibiti ya tabbatar da takardun kowane likita a wajen MDCN kafin ɗauka, haruffa irin su FMCP ko FWACS su ne shaidar ƙwarewa. Ya kuma yi tanadin albashin da zai iya riƙe shi.