Aikatau Mai Ɗan Rakiya a Hirar Turanci ta Yau da Kullum

A Turancin Ingilishi akwai wani rukunin aikatau da ba ya tafiya shi kaɗai. Gajeren aikatau ne, irin su "get", "put", "come" da "take", sai wata 'yar ƙaramar kalma kamar "up", "out", "off" ko "over" ta biyo shi, su biyun su haɗu su ba da ma'ana guda. Turawa na kiran wannan haɗi "phrasal verb", da Hausa kuwa ana iya ce masa aikatau mai ɗan rakiya. Wani lokaci ma'anar a fili take: "sit down" zama ne, "come in" shigowa. Wani lokaci kuma ko an san kowace kalma ita kaɗai, ba za a kai ga abin da ake nufi ba. "Give" bayarwa ne, "up" sama, amma "give up" saduda ne, ko barin abin da aka saba yi. "Hang out" a bakin mai wanki shanya ce, a bakin matasa kuwa zaman hira ne da abokai, irin na majalisar ƙofar gida.

Wannan tsari gadon Ingilishi ne daga danginsa. Harshen ɗan'uwan Jamusanci ne da harshen Holan, kuma su ma suna da aikatau da ke rabuwa gida biyu a cikin jimla. A shekarar 1066 Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har tsawon ƙarnoni, Latin kuma na coci da na malamai. Talakawa suka ci gaba da gajerun kalmominsu na gado. Shi ya sa har yau abubuwa da yawa suke da suna biyu a Turanci, ɗaya na takarda, ɗaya na baka. Ɗage taro "postpone" ne a wasiƙar ofis, "put off" a hira. Jure wa mutum "tolerate" ne a littafi, "put up with" a falo. Haka "discover" da "find out", haka "continue" da "carry on".

Tun 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan haɗi na cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙin harshen. Sunan da ake kiran sa da shi yanzu kuwa ya bazu ne daga wani littafi na Logan Pearsall Smith na 1925, wanda ya ce ya samo shi daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus na Oxford.

Wahalar ta fi bayyana ga wanda ya koyi Turanci a aji. Ɗalibin da ya shirya wa jarrabawar WAEC ko NECO ya saba da dogayen kalmomin insha'i, domin su ake ganin suna kawo maki. In ya zauna hira da Bature sai ya riƙa magana kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai a rediyo. Nahawunsa daidai yake, amma ba ɗumi a cikinsa, kuma mai sauraro kan ɗauka ana ja da baya da shi. Wannan ba halin 'yan Nijeriya kaɗai ba ne. Binciken Dagut da Laufer na 1985 ya nuna ɗalibai masu magana da Ibrananci, harshen da ba shi da wannan tsari, sun fi zaɓar kalma guda a inda Bature zai yi amfani da aikatau mai ɗan rakiya. A 1989 Hulstijn da Marchena suka gwada ɗaliban Holan, suka tarar ba su guje wa tsarin gaba ɗaya ba, sai dai suna ɗari-ɗari da waɗanda suka yi kama da na harshensu ƙwarai, don tsoron kada ya zama fassara suke yi.

Ƙamusoshin da aka keɓe wa irin wannan aikatau suna ɗauke da dubbai, abin da ke karya wa mai koyo gwiwa tun kafin ya fara. Amma ba dukansu ne ke yawo a bakin mutane ba. A 2007 Dee Gardner da Mark Davies suka bincika wata taskar Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Suka gano cewa aikatau 20 kacal, in sun haɗu da 'yan rakiya 8, su ne ke samar da fiye da rabin duk abin da aka ci karo da shi, kuma mai karatu ko sauraro kan haɗu da ɗaya a kusan kowace kalma 150. Yawansu a hira ya fi na rubutun ilimi nesa ba kusa ba.

Bahaushe yana da wata riba da bai cika lura da ita ba. Aikin da Turanci ke yi da ɗan rakiya, Hausa na yin shigensa da ƙarshen aikatau, abin da F. W. Parsons ya tsara a azuzuwa bakwai a 1960. Tsakanin "ci" da "cinye", ko "sha" da "shanye", akwai ma'anar ƙarewa kaf, kuma wannan shi ne aikin "up" a cikin "eat up", "drink up" da "use up". Tsakanin "saya" da "saye" haka, kamar "buy" da "buy up". Ƙarshen "-ar" na "fitar", "zubar" da "bayar" yana tura abu nesa da mai yi, kamar yadda "out" da "away" ke yi a "take out", "throw away" da "give away". Ƙarshen "-o" na "fito", "sauko" da "dawo" yana jawo aikin wajen mai magana, abin da Turanci ke cim ma ta haɗa "come" da "out", "down" ko "back". Kamannin ba su cika ɗari bisa ɗari ba, amma sun isa su nuna cewa ɗan rakiya ba ado ba ne, yana da ma'anarsa da ke maimaituwa. "On" yakan nuna ɗorewa, kamar a "go on" da "keep on". "Off" yakan nuna rabuwa ko yankewa, kamar a "call off", wato soke abin da aka shirya.

Waɗanda ma'anarsu ta kauce wa kalmominsu ma ba baƙon abu ba ne ga mai cewa "ci amana", "sha kunu", "sa baki" ko "yanke ƙauna". Ba wanda ke tambayar wane irin kunu aka sha. Ana ɗaukar furucin ne dunƙule, tare da yanayin da ake faɗarsa, kuma haka ya kamata a ɗauki "put up with".

Zumunci a Turanci yakan fara da shirya haɗuwa. "Meet up" haɗuwa ce da aka tsara, "get together" taruwar 'yan'uwa ko abokai, "come over" kuma gayyata ce zuwa gida. Wanda ya biyo ba tare da sanarwa ba, ya leƙo na ɗan lokaci, shi ne ya yi "drop by" ko "drop in", a Birtaniya kuma sau da yawa "pop in". A ƙasar Hausa wannan shi ne zumuncin da aka sani, amma a biranen Ingila da Amurka yawanci sai an buga waya tukuna. Cin karo da mutum a hanya ba shiri "run into" ne ko "bump into". Zuwan mutum wurin da ake jiran sa "show up" ne ko "turn up". In kuwa ya yi alkawari bai zo ba, ya bar ɗan'uwansa yana ta duba agogo, sai a ce "he stood me up", daidai da abin da matasa ke nufi da "ya shanya ni".

"Catch up" na buƙatar a ɗan dakata a kansa. Asalinsa cim ma wanda ya yi gaba, amma a hira yana nufin zaman da tsofaffin abokai ke yi su ba juna labarin bayan rabuwa. Idan Bature ya ce "we should catch up sometime" bai ambaci rana ba, sau da yawa ladabi ne kawai, irin "sai na leƙo" da ake faɗa a bakin kasuwa. Ranar da aka sa ita ce ke nuna da gaske ake.

A cikin hirar kanta akwai 'yan gajerun da ke juya akalar zance. "Go on" na ba mai magana izinin ci gaba, "hold on" da "hang on" na neman ya ɗan dakata, "speak up" na roƙon ya ɗaga murya. Tayar da wani batu "bring up" ne, tsoma baki ba a gayyace ba "butt in". "Come on" kuwa ma'anarsa na ga murya: yana iya zama "zo mu tafi", yana iya zama ƙarfafa gwiwa, yana iya zama "haba!" ta rashin yarda. A waya ana "pick up", ana "hang up", ana "call back", in layi ya fara katsewa kuma a ce "you're breaking up". Lokacin rabuwa, mai shirin tafiya yakan ce zai "head off", mai gida kuma ya yi masa "see off". Wannan ita ce rakiya, wadda a Turancin Nijeriya aka fi cewa "escort", kalmar da a kunnen Bature ke kawo hoton 'yan sanda da jiniya.

Dangantaka ma da su ake bayyana ta. Jituwa "get along" ce a Amurka, "get on" a Birtaniya. Ɓatawa "fall out", shiryawa "make up", kunyata wanda ya dogara da mutum "let down". Ganin girman wani "look up to", raina shi "look down on". A wurin ta'aziyya ana cewa "passed away" maimakon "died", kamar yadda Hausa ke fifita "ya rasu" a kan "ya mutu", kuma tambayar "how are you holding up?" ita ce ta fi kusa da "ya haƙuri?".

A nahawu, babban abin lura shi ne wurin da karɓau ke zama. Wasu suna rabuwa: ana iya cewa "pick up the children" ko "pick the children up". Amma in wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "pick them up", ba "pick up them" ba. Wasu ba sa rabuwa sam, irin su "look after" da "run into", haka ma masu kalma uku kamar "put up with" da "look forward to". Na ƙarshen nan yana da tarko, domin aikatau da ya biyo shi sai ya ɗauki "-ing": "look forward to seeing you". Ƙamusoshi masu kyau suna nuna wanda ke rabuwa ta wurin da suka sa "sb" ko "sth" (wato "somebody" da "something" a taƙaice) a cikin shigarwar.

Furuci ma na taka rawa. Nauyin murya yakan sauka a kan ɗan rakiya, amma in haɗin ya koma suna sai nauyin ya dawo farko, kamar bambancin "break up" da "breakup". A magana mai sauri kalmomin kan manne, har "pick it up" a bakin Ba'amurke ya fito kamar "pikirap". Mutum yana iya sanin furuci a takarda ya kasa gane shi a fim saboda wannan kaɗai.

Akwai waɗanda kuskure a cikinsu ke jawo kunya. "Pass out" a Nijeriya na tuna wa mutane faretin kammala hidimar ƙasa ko horon soja, ma'anar da aka gada daga Birtaniya, amma a hirar yau da kullum suma yake nufi. "Knock up" a tsohon Turancin Birtaniya tayar da mai barci ne ta ƙwanƙwasa ƙofa, a Amurka kuwa yi wa mace ciki ne, kuma furuci ne maras ladabi. "Make out" da "hook up" suna da ma'anar da ba ta dace da gaban surukai ba. "Shut up" tsawa ce, "calm down" kuma sau da yawa ƙara hura wutar mai fushi yake yi. Sannan akwai na gida, irin su "off the light", "cope up with" da "round up" a ma'anar kammala taro. Kowa na gane su a Kano da Legas, amma a waje ana cewa "turn off the light", "cope with" da "round off" ko "wrap up".

Haddar jeri bi da bi, a ce yau duk na "get", gobe duk na "put", ba ta cika amfani ba, domin masu kama da juna rikicewa suke yi a ƙwaƙwalwa. Ya fi sauƙi a tara su bisa yanayi, na ziyara wuri guda, na waya wuri guda, ko bisa ɗan rakiya, kuma a rubuta kowanne cikin cikakkiyar jimlar da aka ji daga bakin mai harshen, a fim ko shirin rediyo. Da yawansu suna da ma'ana fiye da biyar a ƙamus, "pick up" ma ya wuce haka, amma ba dole ba ne a kwashe su duka lokaci guda. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka fitar da jerin guda 150 da suka fi yawa a Turanci, suka nuna cewa kimanin ma'ana biyu na kowanne sun isa su ɗauki mafi yawan wuraren da ake amfani da shi.