Kare a wajen ba da shaida

A shekarar 1953 aka kawo wa Boris Levinson, wani masanin halayyar yara a birnin New York, wani yaro da ya ƙi sakin jiki da kowa. Yaron da waɗanda suka kawo shi sun iso tun kafin lokacin da aka ba su, suka tarar da karen Levinson, Jingles, a ofis. Yaron da manya suka yi ta lallashi a banza sai ga shi yana wasa da kare. A zaman da suka biyo baya ma da karen yake harka, shi kuwa Levinson ya riƙa shiga wasan sannu a hankali har yaron ya yarda da shi. Da ya kai wannan labari gaban takwarorinsa a 1961, wasu dariya suka yi masa.

Mai karatu Bahaushe ma zai iya yin tasa dariyar. Mu mun san kare da gadi da farauta, sunansa kuma zagi ne a bakinmu. To amma a Amurka da Turai abin ya zama aiki mai tsari. Wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a 1976, a Ingila kuma aka kafa Pets As Therapy a 1983. Masu karnuka ne ke kai su asibitoci da gidajen tsofaffi da makarantu don sa kai, bayan an gwada karen an ga ba ya firgita da keken guragu ko ihu, kuma ba ya hasala idan yaro ya ja masa kunne.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne kotu. A ce yarinya ce 'yar shekara bakwai da aka ci zarafinta, aka zaunar da ita gaban alƙali da lauyoyi, ga wanda ake tuhuma can yana kallonta, aka ce ta faɗi abin da ko uwarta ta kasa faɗa wa. Da yawa bakinsu mutuwa yake yi. Wata lauyar gwamnati a Seattle, Ellen O'Neill-Stephens, ta fara zuwa wajen aiki da karen ɗanta mai naƙasa a 2003, daga nan aka soma ba yara masu ba da shaida a can kare ya zauna da su. Horonsa kan ɗauki kusan shekara biyu. Aikinsa kawai ya kwanta shiru a ƙafar yarinyar, ita kuma tana shafa kansa tana amsa tambayoyi.

Me ya sa hakan ke aiki? Masu bincike a Jami'ar Azabu ta Japan sun nuna a 2015 cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke da hannu a shaƙuwar uwa da jariri, yana ƙaruwa a jikin dukansu. Ni dai a ganina dalilin ya fi haka sauƙi: kare ba ya ƙaryata mutum, ba ya yamutsa fuska don abin da ya ji, ba ya kai labari gaba. Wanda mutane suka cuta, mutane yake tsoro. Sai dai kare ba magani ba ne. Bakin mutum kawai yake buɗewa, sauran aikin na likita ne da alƙali da dangi.

Lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun yi ƙorafi, kuma ba su rasa hujja ba. Suka ce masu taya alƙali yanke hukunci za su ga kare a gefen mai shaida, tausayi ya kama su, su gaskata shi tun bai buɗe baki ba. Maganar ta kai kotun ƙolin jihar Washington, wadda a 2013 ta amince da zaman wata karya mai suna Ellie kusa da wani mutum mai raunin ƙwaƙwalwa da aka yi wa sata. A kotuna da dama yanzu ana shigar da karen tun kafin masu yanke hukuncin su shigo, ya kwanta a inda ba za su gan shi ba, alƙali kuma ya gargaɗe su kada zamansa ya shiga cikin lissafinsu.