Mai Kyamara a Bakin Iyakar Jibiya

Wakilin rediyo na iya zama a teburin mai shayi a Magama da ke bakin iyakar, ya naɗi murya a waya, ya tashi ba wanda ya san abin da ya kawo shi. Na talabijin ba shi da wannan gata. Da ya ɗaga kyamara kowa ya gan shi: jami'in kwastam, ɗan fito mai buhunan shinkafa a kan babur, da wani can gefe yana latsa waya, Allah kaɗai ya san wa yake kai wa rahoto.

Aikin kan faro ne daga Katsina da sassafe, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne mai ɗaukar hoto, mai tambaya, mai tacewa. Ga shingayen bincike birjik a hanya, ga dole a juyo kafin magariba, don ba mai son duhu ya riske shi tsakanin Jibiya da Katsina.

Labari kuwa ba ya yankewa a nan. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris 2024, manyan motoci suka yi jerin gwano. A Satumban 2021 an ma katse layukan waya a ƙaramar hukumar, sai wakili ya fita daga yankin kafin ya aika abin da ya ɗauko, ko ya sanar da iyalinsa yana raye.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne fuska. Edita na son matar da aka sako bayan biyan kuɗin fansa ta kalli kyamara ta yi bayani, da hawayenta da komai. Ita ma takan yarda, don tana zaton gwamnati za ta gani ta kawo ɗauki. To, 'yan bindiga ma suna da waya, suna kallo. Wakili zai kwana a Katsina, ita za ta kwana a ƙauyen da ta ambata. A ganina wanda ya dusashe fuskarta ya sauya muryarta, ko da rahoton ya rage armashi, shi ya san aikinsa.

Haska ɗan bindigar kansa ma rigima ce. A Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 kan shirinta na 'yan bindiga, bisa zargin kambama ta'addanci. A ƙetaren iyaka kuma, sojojin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023. Saboda haka mai kyamarar da ya nufi Ɗan Isa ko Maraɗi yakan yi tunani sau biyu.

Sai batun “kuɗin mota” da ake miƙawa a ambulan bayan taron manema labarai. Wanda tasharsa ba ta ba shi kuɗin mai ba, da wuya ya mayar da ambulan, kuma da wuya ya yi wa mai ambulan tambaya mai zafi gobe.

Masu gidajen talabijin, kafin ku ce wa yaronku “je Jibiya ka ɗauko mana”, ku biya masa kuɗin hanya, ku yi masa inshora, ku kuma ba shi ikon cewa yau hanya ba ta biyuwa.