Bindigar iska: a kula wajen cika ta

Ƴan uwa manoma, idan gero ya fara nuna a Tabotaki da kewaye, tsuntsaye ba su barin gona. Ban da majajjawa, akwai bindigar iska, wadda ba ta cin albarushi. Iska ake matsawa cikin ƙaramin tulunta har bar 200. Tayar mota kuwa bar 2 zuwa 3 take ɗauka, don haka injin mai gyaran taya ba zai cika ta ba.

A ƙasashen Turai da famfo na musamman ake cika ta, ko da tulun masu nutso cikin teku. Mu a Adar ba mu da teku, tulun mai walda ne kusa da mu. To, kada mu kuskura! Iskar oksijin ce a ciki. Da ta haɗu da man da ke cikin bindiga sai wuta ta kama, tulu ya fashe a hannun mutum.

Mai aiki da iskar kabon kuma kada a bar ta a rana: zafin watan Afrilu yana ƙara mata matsi ƙwarai.

Dokar farauta ta 1998 ta ce sai da takardar izini. A tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na Buza ko Madawa.