Me Ya Sa Ba a San Yawan Masu Jin Hausa Ba?

Babu tambayar da ɗalibai suka fi yi wa malamin Hausa kamar wannan: "Malam, mutum nawa ke jin Hausa?" In malamin ya duba littattafai sai ya tarar wani ya rubuta adadi kaza, wani kuwa ya kusan ninka shi. Duka kintace ne. Masanin harshe ba shi da ikon bi gida gida ya ƙirga mutane, sai dai ya dogara ga ƙidayar Gwamnati, ita kuwa ƙidaya a Nijeriya tun 1962 ba a sake barin masu saninta su yi ta su kaɗai ba.

Bari mu fara daga Kademi, cikin ƙasar Gaya. A zamanin En'e, ƙidayar da talakan Kademi ya sani ita ce ta haraji. Dagaci da masu unguwanni su lissafa baligai, a kai wa Hakimi, shi kuma ya aika Kano. Duk wanda ya shiga takarda kuɗi ya hau kansa, saboda haka magidanci ya kan rage wa ɗansa shekaru, Bafilatani kuma ya kora shanunsa daji gudun jangali. Da wannan tsoro aka yi ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ba Nijeriya mutum miliyan 30.4, Jihar Arewa ta wancan zamani miliyan 16.8. To, sai aka ɗauki wannan lissafi aka raba kujerun Majalisar Wakilai da shi, a zaɓen 1959 Arewa ta sami 174 daga cikin 312. Daga nan al'amari ya juya. Yawan jama'a ya zama yawan kujeru, daga baya kuma yawan kason kuɗi, shugabannin da talakawansu ke ɓuya jiya suka shiga neman a ga yawansu.

A watan Mayu na 1962 aka sake ƙidaya, babban jami'inta wani Bature ne, J. J. Warren. Da takardu suka iso ofishinsa ya ga Arewa ta ƙaru da wajen kashi 30 bisa ɗari cikin shekara goma, Gabas da Yamma kuwa kowace da wajen kashi 70. Wanda ya san lissafin haihuwa da mutuwa ya san babu jama'ar da za ta yi irin wannan ƙaruwa sai ko baƙi sun kwararo mata. Warren ya rubuta rahoto ya ce adadin yankuna biyar na Gabas ƙarya ne, an cusa ƙari. Aikinsa ke nan, ya kuwa yi shi. Amma da Ministan da ke riƙe da ƙidaya, Alhaji Waziri Ibrahim, ya kai maganar Majalisa a watan Disamba, sai rahoton masani ya koma sandan faɗa tsakanin jam'iyyu. Aka ce a koma a tantance, sai ga Arewa ta gano mutum fiye da miliyan 8 waɗanda aka ce an tsallake. Ban ga yadda mai adalci zai wanke wani ɓangare a nan ba. Kowa ya sa hannu a tukunya gwargwadon tsawon hannunsa.

Firayim Minista, Sir Abubakar Tafawa Balewa, ya soke ƙidayar, ya mai da aikin ƙarƙashin ofishinsa. Aka sake ta a watan Nuwamba na 1963, aka fito da miliyan 55.6, Arewa miliyan 29.8. Firimiyan Gabas, Dr. Michael Okpara, ya ƙi yarda, gwamnatinsa ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta ce ba ta da hurumin shiga. Ta 1973 ma ba ta tsira ba, ta ba da miliyan 79.8, Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975.

Abin da ya fi shafar mu masu nazarin harshe shi ne wanda ya biyo baya. Domin a kauce wa rigima, a ƙidayar 1991 an cire tambayar ƙabila da ta addini daga takarda. Kafin ta 2006 wasu suka ce ba za su shiga ba in ba a mayar da su ba, wasu kuma suka ce ba za su shiga ba in an mayar, gwamnatin Cif Obasanjo ta bar su a cire. Watau yanzu ba amsa kaɗai ake taɓawa ba, har tambayar da masani zai yi sai an zaɓa masa. Ko da haka ba a huta ba. Da aka ce Jihar Kano na da miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Legas ta ƙi karɓa. A 2013 shugaban hukumar ƙidaya, Festus Odimegwu, ya furta cewa ba a taɓa yin sahihiyar ƙidaya a ƙasar nan ba, Gwamnan Kano Rabi'u Musa Kwankwaso ya nemi a tuɓe shi, kafin shekara ta ƙare ya ajiye aiki. Wadda aka shirya yi a 2023 kuwa ɗage ta aka yi.

Saboda haka adadi na ƙarshe da Gwamnati ta amince da shi game da Hausawan Nijeriya shi ne na 1963: Hausawa miliyan 11.6, Filani miliyan 4.8. Malami ya lura da abu biyu kafin ya rubuta shi a allo. Na farko, daga ƙidayar da aka yi ta jayayya a kanta ya fito. Na biyu, asali aka tambayi mutane, ba a tambaye su harshen da suke magana da shi ba. A Kademi da Ajingi akwai gidaje da yawa waɗanda in ka tambayi maigida zai ce maka shi Bafilatani ne, alhali daga shi har 'ya'yansa ba mai iya gaisuwa da Filatanci. Irin wannan magidanci a layin Filani malamin ƙidaya ya rubuta shi. Ɗan tireda na Sabon Gari wanda ke ciniki da Hausa tun safe har dare, shi kuma aka sa shi a layin ƙabilar ubansa.