Yadda Za Ka Koyi Kiɗan Beethoven a Wayarka da Yatsu Biyar

A ranar 7 ga Mayu 1824 aka fara gabatar da Simfoni ta 9 ta Ludwig van Beethoven a Biyena, babban birnin Ostiriya, lokacin da shi kansa ya riga ya kurmance. Simfoni dogon kiɗa ne da tarin makaɗa ke yi tare, kuma wannan ta wuce awa guda. Sai dai amon da ya fi shahara a cikinta, wato Ode to Joy, wanda Tarayyar Turai ta mayar takenta a 1985, mutum ɗaya zai iya kaɗa shi a fiyanon waya.

Sirrin sauƙinsa shi ne amon yana tafiya daki-daki, galibi daga madanni zuwa maƙwabcinsa. Asalinsa a ma'aunin D yake, amma don masu koyo akan sauko da shi C, inda rabin farko ba ya buƙatar baƙin madanni ko ɗaya.

Ga yadda za ka fara. Sauke manhajar fiyano ta kyauta, irin su Perfect Piano, ka kwantar da wayar, sannan ka ƙara faɗin madannan har kowane yatsa ya samu gurbinsa. Nemo C: farin madanni ne da ke hagu da baƙaƙen nan biyu. Ɗora babban yatsan dama a kansa, sauran huɗun su hau D, E, F da G. Da yatsan tsakiya ake farawa. Hannunka ba zai gusa ba sai a kashi na uku, inda amon ke sauka zuwa G na ƙasa sau ɗaya.

Kada ka yi gaggawa. Kunna metronom, wato mai ƙirga bugu, a kan 60 a minti, ka maimaita kashi ɗaya har sai ya zauna kafin ka ƙara sauri. Bidiyon da ake ganin launuka na zubowa kan madannai suna nuna inda za ka danna, amma in ka dogara da su kaɗai, da zarar ka kashe bidiyon sai ka tsaya cak.

Ka guji iyafis na Bluetooth. Sai an matse sautin an tura shi ta iska kafin ya iso kunnenka, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa ya rikita maka ƙirga. Mai igiya ya fi.

Gilashin waya ba shi da nauyin madannin gaske, don haka ba zai horar da yatsunka ba. In ka ga abin ya kama ka, maimakon biyan kuɗin manhaja duk wata, tara ka sayi ƙaramin kibod mai MIDI. Tun daga Android 6.0 ana iya haɗa shi da waya ta igiyar OTG. Daga nan sai hannun hagu ya shigo da C da G.