Ranar Da Mai Ƙosai Za Ta Ajiye Kasko

'Yan'uwana mata, a wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu da ba mu cika son tunawa da shi ba, watau ranar da ƙarfi zai ƙare, sana'a ta gagara.

Gwaggona ta yi shekara talatin da 'yan kai tana suyar ƙosai. Tun kafin assalatu ta ke tashi ta surfa wake, ta wanke, a kai markaɗe, kafin yara su fita makaranta ta kwashe suyar fari. Da ribar ƙosan nan ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, ni ma da ita aka saya mini akwatin ƙarfe sa'ad da zan tafi makarantar kwana. Bara gwiwoyinta suka ƙi, hayaƙi kuma ya taɓa mata ido, likita ya ce ta bar gaban murhu. Ran da ta ajiye kasko, ran nan kuɗi suka daina shigowa. Sai da ta sayar da awakinta biyu da jeren kwanonin da ta ke alfahari da su kafin a gama magani.

Ni kuwa da na ke koyarwa, ban sha rabin wahalarta ba, amma kowane wata ana cire wani abu daga albashina ana ajiye mini domin tsufa. Dokar fensho ta 2014 ta ce ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ko na kamfani ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara masa kashi 10. To, amma mu nawa ne masu albashin? Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2024 ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba su ƙarƙashin ofis ko kamfani mai rajista. A cikinsu akwai mai kitso, da mai ɗinki, da mai fura, da matar da ke ƙulla ƙuli-ƙuli a ɗakinta ba wanda ya san tana sana'a sai maƙwabta.

Na san abin da wata za ta ce: ai muna da adashi. Gaskiya ne, ni ma ina cikin guda biyu, kuma ba na raina shi. Amma ki tuna da kwasarki ta ƙarshe, ina kuɗin suka tafi? In ba biki ba suna, in ba anko ba gudummawa. Ana zuba adashi ne domin a kashe a bana. Kuma sai mai zubi ke kwasa, ran da hannunki ya daina kawowa uwar adashi za ta ba wata gurbinki, ba don mugunta ba, haka tsarin ya ke. Wata kuma ta ce 'ya'ya su ne fenshon uwa. Allah ya shirya mana su. Sai dai 'ya'yan gwaggona duk suna son ta, ba mai iya ɗauke ta, kowace tana fama da nata gidan.

A watan Maris na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani shiri na ƙaramin fensho domin masu sana'ar kansu, a ƙarƙashin Hukumar Fensho ta Ƙasa, watau PenCom. Bisa ka'idar da aka fara da ita, duk wanda ya kai shekara 18 yana da abin yi zai iya buɗe asusu da sunansa a ɗaya daga cikin kamfanonin fensho masu lasisi, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. Aka raba kuɗin biyu: kashi 40 cikin ɗari ana iya cira in buƙata ta taso, bayan wata uku da fara zubi, kashi 60 kuwa ba a taɓawa sai an kai shekara 50, ko ciwo ya hana mutum aiki. In mai asusu ta rasu, kuɗin na magadanta ne. A 2025 hukumar ta sake wa shirin suna zuwa Personal Pension Plan, ta kuma yi gyara a ka'idojinsa, saboda haka wadda ta je sai ta sa a bayyana mata rabon da ake yi yanzu kafin ta sa hannu. Wadda ke gudun kuɗin ruwa ta tambayi batun asusun da ba ruwa a ciki, gama hukumar ta fito da irinsa tun 2021.

Ga lissafi irin wanda na ke ba 'yan aji shida. Naira 100 kullum ta zama Naira 36,500 a shekara, a shekara 20 kuma Naira 730,000, ban da ribar juyawa.

Amma ba zan ɓoye muku inda shirin ya gaza ba. Ma'aikaci ana ƙara masa, mai ƙosai kuwa ba mai ƙara mata ko sisin kwabo, abin da ta zuba shi ke nan. Ga tsadar kaya: a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, watau kuɗin da aka ajiye yau suna iya ramewa kafin ranarsu ta zo. A ganina in da gaske ake son mata irin gwaggona su shigo, tilas gwamnati ta tsaya musu a matsayin ubangida, ta ɗora wani abu a kan kowace Naira da suka zuba. Sa'an nan a aiko mata ma'aikata su shiga gidaje su yi bayani da Hausa, domin matar da ke kulle ba za ta je ta hau benen ofis ba.

In kuwa kuɗin ba su isa a yi biyu ba, ni dai shawarata a fara da inshorar lafiya, don ciwo shi ne ya cinye awakin gwaggona tun kafin tsufa ya iso sosai. Dokar da aka sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, waɗanda ke karɓar masu sana'ar kansu su biya na shekara guda. Ki nemi shawarar maigida, amma ki tabbata sunanki ne a takarda, da lambar katinki na ɗan ƙasa, da lambar wayar da ke hannunki, ba ta ƙaninsa ba.

Ku kuma 'yanmata 'yan makaranta, ga aikin gida. Yawancin iyayenmu takardar ce ke ba su tsoro. Ku zauna ku karanta musu, ku raka su, ku karɓo rasidi ku adana a ƙasan adaka.

Kaskon gwaggona yanzu yana hannun autarta. Ranar Asabar da ta wuce na zauna da ita muka ƙirga cinikin mako, ta ce za ta iya ware Naira 200 kullum, ban da ran Juma'a da ba ta suya. Mun yi alkawari da zarar an ba mu hutu zan raka ta.